Gajeriyar Fulawar Bakin Masallaci

Duk ƙasar nan, daga Kurfi har Dutsin-Ma, babu wanda ya riga ni ganin fulawar nan ta buɗe. Ba hakimi ba, ba malami ba, kai, ko Baturen da ya ɗauko irinta daga ƙasarsu bai riga ni ba. Yau duk matar da ta samu fasasshen tulu sai ta shuka ta a ƙofar ɗaki, yara na tsinka suna wasa, ana ce mata kallon-rana kamar tun kaka da kakanni aka san ta. To, ni Sada na Karofi, ni na kawo ta. Kuma ba don ni ba, da an tumɓuke ta tun ba ta yi 'ya'ya ba.

Shekara uku ke nan bayan yunwar Kakalaba. Wanda bai ga yunwar nan ba kada ya buɗe baki a gabana. Mu tara ne a gidan ubana, mu biyu muka fita. Na ci ganyen da akuya ta ƙi, na tone gidan tururuwa na kwashe tsabar da suka ɓoye, na rame har mutuwa ta zagaya ni sau uku ba ta samu wurin kamawa ba. Don haka ranar da aka aiko wa mai gari cewa ana son mutum huɗu su je barikin Kurfi aikin Bature, maza suka shige rumbuna, ni na miƙe na ce ga ni. Me Bature zai yi mani da yunwa ba ta yi ba?

Aikina ɗiban ruwa ne. Baturen wani dogo ne mai jan wuya, Dogon-Wuya muke ce mashi in ba ya kusa. Yana da garwar kananzir uku da aka yanke wa baki aka cika da ƙasa, an jera su a gaban bariki inda rana take dukansu yini guda. Kowace safiya sai na zuba wa kowace ruwa ƙoƙo ɗaya, ba ƙari. Kukunsa Hudu shi ke faɗa mani abin da Bature yake so, don ni ban iya ko kalma ɗaya ta bakinsu ba.

Na ce, “Hudu, me aka shuka a nan? Magani ne?”

Ya ce, “Fulawa.”

“Miya ake yi da ita?”

“Kallo ake yi.”

“In an gama kallon fa?”

Ya ce, “Sai a shiga ɗaki. Kai Sada, ɗauki tulunka, ruwan wanka bai cika ba.”

Ranar na yi dariya har na zauna a ƙasa. Mutum ya ƙetaro teku da iri a aljihu, ya sa ƙato kamata jidar ruwa, don abin da ba a ci! Amma da ta fara tasowa sai na ga ina yin sammako saboda ita. Ganye mai faɗi mai kaushi kamar harshen saniya, kara kamar babban yatsa, tsawo kuwa bai wuce gwiwa ba. Hudu ya ce a ƙasarsu akwai wata doguwa da ta fi mutum tsawo, wannan ƙanwarta ce, haka aka halicce ta gajeriya. Ta yi kai, kan ya fara kumbura, sai zazzaɓi ya kwantar da Dogon-Wuya aka ɗauke shi a ka zuwa Katsina. Kwana biyu da tafiyarsa na iso da tuluna da sassafe, Hudu bai ma hura wuta ba, sai ga ta a buɗe. Rawaya ce, irin rawayar da ban taɓa gani a zanen kowace mace ba, tsakiyarta baƙi-baƙi kamar ɗan ƙaramin faifai, faɗinta ya kai tafin hannuna. Na aje tulun na tsuguna. Tun Kakalaba ban dubi wani tsiro ba sai da tunanin yadda zan kai shi baki. Wannan na dube ta har rana ta ɗaga, cikina bai ce komai ba.

Bature bai dawo ba, an ce gida aka wuce da shi. Fulawa ta bushe, tsuntsaye suka dirar wa tsabar. Hudu zai juye garewanin na ce ya ba ni kai ɗaya. Ya ce, “Ɗauki, mahaukaci.” Na murje shi a bakin riga na samu ƙwaya tara masu kirki, baƙaƙe, ba su kai girman wake ba. Na zuba su a 'yar gora da toka na toshe.

Da wa'adina ya cika na dawo Karofi. Matata Yelwa ta zazzage jakata tana neman gishiri ko ɗan ƙyalle, sai gora ta faɗo.

Ta ce, “Maigida, wannan fa?”

“Irin Bature.”

“Dami nawa yake bayarwa?”

“Ko zangarniya ba ya bayarwa. Kallo ake yi.”

Ta dube ni, ta dubi gorar, ta ce, “Wata uku kana ɗiban ruwa. Wasu sun dawo wa matansu da gwangwani, kai ka dawo mani da kallo. Allah ya shirya.”

Bazara ce, ruwan sama bai sauka ba, ni kuma ba ni da haƙurin jira. Gidana danga ɗaya ta raba shi da masallacin unguwa. A gefen masallacin akwai duwatsu uku da ake zama a yi alwala, ruwan yana gangarowa ya taru a wani lungu tsakanin katangar masallaci da dangata. Lungun a buɗe yake gabas da yamma, rana na samunsa tun daga fitowarta, kuma ba ya bushewa ko a tsakiyar rani. Na je na gaida liman, Malam Maniru, na ce ina son in shuka ɗan abu a wurin. Malam Maniru mutum ne mai sanyin magana, gidansu gidan karatu ne tun kakansa. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, amma in ya ce a'a, to a'ar ta zauna.

Ya ce, “Shuka, Sada. Ruwan alwala gara ya raya wani abu da ya kwanta yana tara sauro.”

Na share ciyawa, na gauraya ƙasar da busasshen kashin awaki da ɗan yashi don ta cika laka. Na tura kowace ƙwaya da yatsa, zurfin gaɓa ɗaya, na bar taƙi biyu tsakaninsu. Bayan kwana shida guda bakwai suka fito, biyu suka ƙi. Kazar Yelwa ta tone ɗaya ta haɗiye, ta girgiza ta kusa da ita. Ranar sai da Yelwa ta tsaya tsakanina da kazar, don har na ɗauko wuƙa. Na kifa musu tsofaffin kwanduna sai da suka yi ƙwari, sannan na kewaye wurin da ƙayar magarya saboda awaki.

Bayan haka ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana zubewa. Na zauna na yi tunani, sai na tuna ƙoƙo ɗayan nan na bariki. Alwalar mutum ashirin sau biyar a yini ta yi musu yawa, nutsewa suke yi. Na yanke 'yar hanya na karkatar da ruwan zuwa gindin zogalen Yelwa, na sa fasasshen kasko a mararrabar, in buɗe da safe su sha, in toshe. Wannan dabara ba wanda ya koya mani ita. Cikin kwana huɗu shidan suka miƙe, ganye ya yi kore shar.

Ina da taubashi, Mahmuda, ɗan ƙanwar ubana, wato bawana ne ko ya so ko ya ƙi. Ba ya wuce lungun nan sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Wata rana ya ce, “Ubangidana, wai ita ce dawar Bature? Kwana arba'in tana shan ruwan Musulmi, ko gwiwata ba ta kai ba.”

Na ce, “Kai shekara arba'in kana cin tuwon gidanmu, bawa, ina ka kai?”

Mahmuda gajere ne, in ya hau jaki ma sai an neme shi. Masu alwala suka fashe da dariya.

Ya ce, “To ka ƙara mata taki mana, ko ta ɗaga.”

Na ce, “Ba yunwa ce ta hana ta tsawo ba. Ni na san gajartar yunwa, na ga yaran da ta danne. Wannan gajartar gado ce, irin taka.”

Shi Mahmudan ne ya jawo mani. Da kawunan suka fara kumbura sai ga wani hali ya bayyana, wanda na gani tun a bariki ban ɗauke shi komai ba. Da safe duk shida suna duban gabas inda rana ke fitowa. Da azahar su ɗaga kai sama. Da la'asar su karkata yamma su bi ta har ta faɗi, washegari ka iske sun koma gabas suna jiranta. Wata la'asar ana cikin alwala Mahmuda ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, ku dubi 'yan matan Sada! Liman zai dubi gabas, su sun ba alƙibla baya suna yi wa rana ruku'u. Ashe da addininsu suka zo!”

Wasa yake yi, amma ba kowa ya yi dariya ba. A shekarun nan duk abin da ya fito daga hannun Nasara sai an juya shi an sake juyawa. Akwai tsofaffi a Karofi da har suka mutu sabulun Bature bai taɓa jikinsu ba. Kafin kwana biyu mata sun daina bi ta lungun. Wani dattijo, Baba Ummaru, wanda bai taɓa rasa sahun gaba ba, ya koma salla a gida, wai ruwan alwalarsa ba zai shayar da mai bautar rana ba.

Ranar Laraba da hantsi Malam Maniru ya aika a kira ni zaurensa. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

Ya ce, “Sada, kwana uku ina dubanta da idona. Abin da aka faɗa haka yake.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, tsiro ne. Ba ta da goshi balle ta yi sujada.”

“Na sani. Ba ita nake jiye wa ba, mutane nake jiye wa. Mun karanta labarin al'ummar da suka bar Mahalicci suka bi rana. Ga abu daga hannun Nasara, a jikin masallaci, yana shan ruwan alwala, ana ta da salla yana juya mana ƙeya. Ummaru ya bar jam'i, gobe wani zai bi shi. Ni na ba ka wurin, ni za a tambaya. Ka cire ta ka kai wani waje.”

“In na cire yanzu ta mutu, Malam. Saiwarta guda ce, ta nutse ƙasa, in ta yi kai ba ta yarda da dashe. Kuma ba ni da sauran ƙwaya ko ɗaya. Duk ƙasar Katsina su shidan nan ne.”

“To me za ka rasa? Kai da bakinka ka ce ba a ci.”

Na sunkuyar da kai. Na yi ta duban tabarma. Can na ce, “Allah gafarta Malam, ka bari ta buɗe ka gan ta sau ɗaya, in samu iri ko da na kai ɗaya ne. In ka gani ka ce a cire, ba zan yi musu ba.”

Ya ja carbi ya ja, sannan ya ce, “Kwana nawa?”

“Goma.”

“Na ba ka tara. Ba Juma'ar jibi ba, ta sama. In mun dawo daga masallacin Dutsin-Ma muka yi la'asar, ko ta buɗe ko ba ta buɗe ba, a kawo fartanya.”

Ranar ya sa aka ɗauke duwatsun alwala aka mayar ɗaya gefen masallaci, Baba Ummaru ya dawo sahu. Lungun ya zama ba mai bi sai ni da ƙoƙona. Kwana tara kuwa ko ta buɗe ba ta isa yin iri ba, na san wannan sarai. Iri sai fure ya bushe a kan karansa.

Na ce tunda laifinsu juyawa ne, bari in hana su juyawa. Na saro sanduna na kafa ta gabas, na ɗaure wuyan biyu da zaren rama kamar yadda ake turke akuya. Da la'asar huɗu suka juya yamma, biyun nan suka yi ta ja. Washegari na iske zaren ya yanki wuyan ɗaya, kan ya langaɓe yana reto. Ba akuya ce ta kashe ta ba, ba Malam ba ne, ni ne da hannuna. Na kwance ɗayar nan take. Saura biyar.

Na sake dabara. Na ɗauko tsohon zana na kafa ta yamma don kada su ga rana in ta karkata. Suka juya duk da haka, suka zura wa zanan ido kamar mata a bayan danga ana kiɗa a waje. Mahmuda ya leƙo ya ce, “Kulle ka sa su, ubangidana? Saura lulluɓi.” Amma muryarsa ba ta da daɗi, don shi ma abin ya tsaya mashi a rai. Da yamma na iske kwandon taki a ƙofar gidana, ba wanda ya ce shi ya kawo, kwandon kuwa na gidan su Mahmuda ne.

Yelwa ce ta tare ni ina wanke hannu. Ta ce, “Maigida, ka kashe ɗaya da ɗauri, za ka kashe sauran da inuwa. Dubi yadda suka koɗe. Kwana biyar ya rage musu, ka bar su su sha ranarsu.”

Na ce, “Ke da kika ce kallo na kawo maki?”

Ta ce, “Har yanzu ban ce abinci ba ne. Amma tun da ka shuka su ka daina leƙa rumbu sau uku a yini kana auna hatsi da ido. Jeka ka cire zanan nan.”

Na cire. Na koma yi musu abin da na iya: ƙoƙo ɗaya a gindi da safe ba a kan ganye ba, in tsinke ganyen da ya mutu, in juya na sama in tsince tsutsa da hannu in jefa wa kazar nan, ta ci don dai ba ta da kunya. Ranar Talata kan babbar ya tsage, rawaya ta leƙo. Laraba ta buɗe. Alhamis huɗu suna buɗe, ƙudan zuma sun zo daga inda ban sani ba suna ta birgima a tsakiya. Ta biyar, wadda kaza ta girgiza tana ƙarama, ita kaɗai take a dunƙule.

A kwanakin nan da sassafe kaɗai nake zuwa, in gan su suna duban gabas kamar kowane Musulmi, in ɗauki gatari in tafi sharar gona, ba na dawowa sai magariba. Ban so in tsaya da la'asar in ga laifin da za a kashe su a kansa. Ni da na binne mutum bakwai na gidanmu ban kauda kai ba, sai ga shi ina kewaya ta bayan gari saboda fulawa.

Ranar Juma'a Yelwa ta fito mani da farar rigata ta ce in sa. Na ce jana'iza za ni, ta ce to a je da farar riga. Tana wani murmushi da ban gane kansa ba. Muka tafi Dutsin-Ma da ƙafa, aka yi salla, muka dawo, ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Aka yi la'asar a unguwa. Da aka shafa fatiha Malam Maniru ya ce, “Mahmuda, bakinka ne ya fara, ɗauko fartanya.”

Mahmuda ya ɗauko ta yana tafe kamar an aike shi haƙar kabari. Jama'a suka biyo mu, har waɗanda ba 'yan unguwar ba. Rana ta karkata sosai. Na tsaya a bakin ƙaya ina duban yatsun ƙafata, ina jiran ƙarar sara.

Ban ji sara ba. Sai muryar Mahmuda na ji ƙasa-ƙasa, “La'ilaha illallahu.”

Na ɗaga kai. Huɗun nan da suka buɗe sun ba rana baya. Tana dukan ƙeyarsu, su kuwa suna duban gabas, a jere, kafaɗa da kafaɗa kamar sahu.

Malam ya tattare riga ya tsallake ƙaya. Ya tsuguna a bayansu ya saita ido, ya dubi inda suke duba, ya waiwaya ya dubi kusurwar masallaci inda yake tsayawa ya ja salla.

Ya ce, “Sada, ka ɗaure su?”

Na ce, “Ka duba wuyansu, Allah gafarta Malam.”

Ya shafa wuyan kowace da yatsa. Ba zare, ba sanda. Ya sa aka kawo mashi buzu ya zauna nan a lungun, jama'a na tsaye, har inuwar mutane ta yi tsawo. Rana ta yi ja ta kusa faɗuwa. Huɗun nan ko gezau ba su yi ba.

Sai Baba Ummaru ya miƙa sandarsa ya nuna ta biyar ya ce, “Wannan fa? Ga ta can tana bin uwargijiyarta.”

Gaskiya ne, 'yar dunƙulalliyar ta karkace yamma abinta. A nan bakina ya dawo. Na ce, “Baba Ummaru, yarinya ce, ba ta balaga ba. Alƙalami bai hau kanta ba. Kai kana ɗan shekara bakwai, ina kake duba in ana salla?”

Malam Maniru ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na motsi. Ban taɓa ganin ya yi dariya a bainar jama'a ba sai ranar. Da ya natsa ya ce, “An ƙara wa yarinya kwana uku. Mahmuda, aje fartanyar a zaurena.”

Lahadi da hantsi ta buɗe. Da la'asar mutanen da suka taru sun ninka na Juma'a, har daga Shema wasu suka zo. Ta tsaya cak tana duban gabas tare da yayyenta. Baba Ummaru ya zagaya ta sau biyu yana dogara sanda, ya ce, “To, ta shiga sahu,” ya juya ya tafi.

Malam ya ce, “Abin da ya yi ƙuruciyarsa yana waige-waige, ya girma ya tsaya gabas, ba ni zan tumɓuke shi ba. Da haka nake yi, da rabin waɗanda ke bina salla babu su. Mahmuda, je ka ɗauki fartanyarka, ka dawo ka mayar da duwatsun alwala inda suke. Kai kaɗai.”

Mutane suka kewaye ni suna cewa, “Sada, ashe ka san haka za ta yi?” Na gyara farar rigata na ce, “To don me kuke tsammani na roƙi kwana goma?” Sai na ji Yelwa ta yi tari a bayan danga.

Da na shiga gida na ce mata, “Wannan tari fa?”

Ta ce, “Tun Laraba na gani ta ɓular danga, ina ɗebo zogale. Babbar na buɗewa ta daina juyawa.”

“Kika bar ni ina kewaya bayan gari kamar ɓarawo? Me ya hana ki faɗa mani?”

“Da na faɗa da ka tafi kasuwar Kurfi ka ce kai ka koya musu salla.”

Gaskiyarta ce, don na yi niyyar faɗin hakan a kasuwa mai zuwa, kuma na faɗa.

Sun yi kusan mako uku suna ado, sannan furen ya zube, kawunan suka yi nauyi suka sunkuya. Na tuna tsuntsayen bariki, na yaga tsohon zanen Yelwa na ɗaure wa kowace a ka, Mahmuda ya ce to ga lulluɓin ya zo. Sai da bayan kan ya koma ruwan ƙasa na yanke, na rataye su a ɗaki nesa da ɓera, suka bushe ƙamas na murje. Gorar nan ta cika har na nemi ta biyu. Malam Maniru bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ce yana son ƙwaya goma don gaban zaure. Na ba shi ashirin, na tsaya na koya mashi zurfin gaɓa ɗaya da ƙoƙo ɗaya, yana cewa to, to, kamar yadda muke ce mashi in yana wa'azi. Daga zaurensa ta tafi Kuki, daga Kuki ta koma Kurfi inda ta fito.

Yanzu haƙorana sun zube, sa'o'ina duk sun tafi, amma duk bazara sai na shuka ta a lungun nan da hannuna. Na san akwai masu cewa tsohon nan ƙari yake yi. Mai shakka ya taho Karofi in ta buɗe, ya zo da fartanyarsa, ya tsaya bayan la'asar ya duba da kyau. In ya samu buɗaɗɗiya ɗaya tana duban yamma, ya sare ta a gabana, ya haɗa da gemuna.